Me Lambar LDH Ke Faɗa Game da Yaro Mai Kansar Jijiya?

Tambayar ta zo ne daga wani malamin firamare a wani ƙauye na ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Ɗan ƙanensa mai shekara uku ya yi wata biyu yana zazzaɓi yana ramewa, cikinsa ya kumbura ya yi tauri ta gefen hagu, daga baya ya daina yarda ya taka ƙafa. An fara da maganin saifa, an je wajen wanzami an yi tsaga, har dai aka dangana da asibiti a Kano, inda aka ce kansar jijiya ce mai suna niyurobilastoma, kuma ta kai ɓargo. A takardar gwajin jini an zagaye wata lamba da jan biro: LDH 1,840. Likita ya ce lambar ta yi sama, sai an ba da magani mai ƙarfi. A gadon kusa da su kuwa akwai jaririya 'yar wata biyar mai ciwo iri ɗaya, hantarta ta kumbura, ga ƙulle-ƙulle a fata, amma aka sallame ta aka ce a riƙa kawo ta ana dubawa. Malam yana tambaya: mece ce LDH, akwai abinci ko maganin da zai sauke ta, kuma me ya sa ciwo ɗaya aka yi masa hukunci biyu?

Malam, Allah ya ba yaron lafiya, ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi wa ƙanenka. Likitocin da suka taɓa cikin yaron da hannunsu su ne masu magana ta ƙarshe a kansa. Nawa shi ne in warware maka abin da ke bayan maganarsu, don in ka koma ka san abin da za ka tambaya.

Babu abinci ko maganin da ake ba yaro don a sauke LDH, kuma ko da akwai ba zai amfane shi ba. LDH hayaƙi ce. In ka hango hayaƙi ya turnuƙe daga bayan gari ka san wutar da ta kama dajin babba ce, amma ba wanda zai ɗauki mafici ya je korar hayaƙi ya ce gobara yake kashewa. In maganin ya ci ƙarin, lambar za ta sauko da kanta.

LDH tana cikin dangin sinadaran da ake kira inzayim. Matan gidanku sun san aikinsu ko da ba su san sunan ba. In za a yi kunun zaƙi, bayan an dama gasara ta yi kauri, sai a zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi a rufe a bar shi ya kwana. Da safe kunun ya tsinke ya yi zaƙi, alhali ba a sa masa sukari ba. Abin da ke cikin dankalin nan da ya narkar da kaurin shi ne inzayim. Haka ganyen gwanda in an naɗe nama mai tauri da shi. Kowane inzayim aiki ɗaya ya iya, yana hanzarta shi, kuma jikin mutum na da dubbansu. Ƙwayoyin kansa ma da su suke aiki, shi ya sa in ka san wanda ke da ƙarfi a cikin ƙari da wanda ya yi sanyi, ka san halin ƙarin.

Shi wannan ƙarin daga jijiyoyin da ke aiki ba da umarninka ba yake tasowa, masu kula da bugun zuciya da gumi da motsin hanji. Suna jere a gefen ƙashin baya tun daga wuya har ƙugu, kuma akwai wani ɗan ƙullutu a saman kowace ƙoda da ya fito daga tsatsonsu, wanda ke sa gabanka ya faɗi in ka tsorata. Tun jariri na ciki ƙwayoyin da za su zama waɗannan jijiyoyi ke tafiya zuwa mazauninsu suna nuna. Wasu sai su ƙi nuna, su tsaya ɗanyu suna ta rabuwa. Wannan shi ne niyurobilastoma. Galibi a ciki yake fitowa, kuma kusan tara cikin goma na masu shi ba su wuce shekara biyar ba. Ba mayu ba ne, ba kambun baka ba ne, ba kuma wani abu ne uwar ta ci ko ta ƙi ci da tana da ciki ba. Ina roƙonka ka faɗa wa mahaifiyar yaron wannan da bakinka, domin na ga iyaye mata da yawa na ɗauke da laifin da ba nasu ba.

LDH tana cikin kusan kowace ƙwaya ta jiki: tsoka, hanta, zuciya, jajayen ƙwayoyin jini. Aikinta a wajen ƙona sukari ne. In ƙwaya tana gaggawar samun ƙarfi sai ta bi gajeriyar hanya ta mai da sukari wani tsami, irin tsamin da ke cikin nono in ya kwana. Tun a shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin kansa sun fi son wannan gajeriyar hanya ko da iskar oksijin ta wadata, don haka suna cike da LDH. Kuma ƙari mai saurin girma yakan fi ƙarfin jinin da ke ciyar da shi, tsakiyarsa ta riƙa mutuwa, ƙwayoyin su fashe, abin da ke cikinsu ya zube a jini. To lambar na ba mu labarin abu biyu a dunƙule: yawan ƙarin da ke jiki, da saurin da yake yi.

Sai dai lamba ce mai yawan ruɗi, musamman a ƙasarmu. Yaro mai sikila LDH ɗinsa a sama take ko ba shi da ƙari, saboda jajayen ƙwayoyinsa na yawan fashewa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na ɗaga ta, ciwon hanta na ɗaga ta, wasu kansar yara daban ma na ɗaga ta. Har yadda aka ɗebi jinin yana shafarta. Na taɓa karɓar sakamakon wata yarinya da aka ɗebi jininta a wani ƙaramin asibitin karkara, aka ba ɗan acaɓa kwalbar ya sa a aljihu, ya yi tafiyar awa biyu da ita cikin zafin bazara a hanya mai gargada. Lambar ta haura dubu. Da na shiga ɗakin gwaji na ɗaga kwalbar a hasken taga, ruwan da ya taso sama, wanda ya kamata ya yi kalar man gyaɗa, ya yi ja kamar tsinkakken zoɓo. Jajayen ƙwayoyin ne suka farfashe a hanya suka zubar da LDH ɗinsu. Muka sake ɗiba a gabanmu, lambar ta fito daidai. Uwar ta kwana biyu ba ta iya cin abinci ba a kan lambar da zafin rana da gargada suka rubuta. Akwai wani inzayim na jijiya da ake aunawa a wasu wurare, NSE, shi ma wannan matsalar ta fashewar jini na ɓata shi. Don haka ka tambaya ko an duba yaron game da sikila, kuma ko an maimaita gwajin.

In lambar ta tabbata, tana da nauyi. A 2009 likitocin ƙasashe da dama sun haɗa bayanan yara 8,800 masu wannan ciwo don su fitar da ma'auni ɗaya na raba masu haɗari da marasa haɗari. Sun ga cewa yaran da LDH ɗinsu ta haura 587 sun fi fuskantar matsala, amma ba su sa ta cikin ma'aunin ƙarshe ba, domin suna da gwaje-gwajen da suka fi ta faɗin gaskiya, waɗanda ake yi a kan tsokar ƙarin kanta. Mu kuwa ba kullum muke samun waɗannan ba. Shi ya sa a 2015 ƙungiyar likitocin kansar yara ta duniya, SIOP, ta fitar da jagora don ƙasashe irin namu, ta ce inda babu gwajin tsoka a jingina da LDH da ta kai 750, da wani sinadarin ajiyar ƙarfe a jini, feritin, da ya kai 120, a matsayin alamar ƙari mai zafi. In babu raƙumi a yi da jaki. Ina jin wannan ne ya sa likitanku ya zagaye lambar da jan biro.

Amma LDH ba ta amsa tambayarka ta uku ba, wadda ta fi sauran zurfi. Jaririyar nan ma ƙarin ya bazu a jikinta, me ya sa aka ce a jira? Amsar na wajen wani inzayim daban, wanda ba a gani a gwajin jini, sunansa telomares.

Ka tuna igiyar guga. Kullum ana ja, bakinta na goga da bakin rijiya yana cinyewa, a yanke a sake ɗaurewa. Kowane yanka na rage tsawonta, har ranar da gugan ba zai kai ruwa ba, sai a jingine ta. Ƙwayoyin jikinmu haka suke. Bayanan gado da ke cikin kowace ƙwaya a naɗe suke cikin zaruruwa, kuma bakin kowane zare na da wani rarar tsawo da ke kare shi, ana kiransa telomiya. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu sai wannan rarar ya ragu kaɗan. In ya ƙare, ƙwayar ta daina rabuwa, ko ta mutu. Tun 1961 wani masani a Amurka, Leonard Hayflick, ya nuna cewa ƙwayar mutum da aka raina a ɗakin gwaji takan rabu sau hamsin ko kusa da haka ta tsaya. Wannan ƙa'ida kariya ce da Allah ya sa mana: ko ƙwaya ta ɓata ta fara rabuwa ba kai ba gindi, igiyarta za ta ƙare mata.

Telomares shi ne mai tufka. Yana zaune a bakin zaren yana ƙara masa tsawo, ana yankewa yana mayarwa. Carol Greider da Elizabeth Blackburn ne suka gano shi a ƙarshen 1984 a Amurka, a jikin wata 'yar halitta ta ruwan kududdufi, kuma aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 2009 tare da Jack Szostak. Ɗan tayi na buƙatar mai tufkar nan domin ginin jiki na cin rabuwa mai yawa, amma bayan haka yawancin ƙwayoyin jiki sukan sallame shi. Kansar da ta yi nasarar dawo da shi bakin aiki ta samu igiyar da ba ta ƙarewa.

A 1995 wani likitan tiyatar yara a Hiroshima ta ƙasar Japan, Eiso Hiyama, da abokan aikinsa suka auna ƙarfin telomares a ƙari 100 na niyurobilastoma. Waɗanda inzayim ɗin ke da ƙarfi a cikinsu, yawancin yaran ciwon ya tsananta musu. Waɗanda yake da rauni, kusan duka yaran sun samu lafiya. Sannan akwai 'yan kaɗan, jarirai masu irin yanayin jaririyar da ke gadon kusa da ku, da ba a samu alamar aikinsa a ƙarinsu ba sam, kuma ƙarin ya shanye da kansa. Bayan shekara ashirin, a 2015, masu bincike a Jamus da Holan suka gano ɗaya daga hanyoyin da mugun ƙarin ke tada mai tufkar: zaren gado kan karye ya sake haɗewa a gurguje, sai umarnin da ke gina telomares ya faɗo kusa da wani wuri mai ingiza aiki, ya kunnu ya ƙi kashuwa. A 2018 kuma wata ƙungiyar masu bincike ta birnin Kolon a Jamus ta duba ƙari sama da 400 ta fito da magana mai sauƙin riƙewa. Ƙarin da ba shi da hanyar gyara igiyarsa, yaro na tsira kusan ko da yaushe, sau da yawa da ɗan magani kaɗan ko ba magani. Wanda ke da hanyar, shi ne mai haɗari. In kuma ya haɗa da wasu lalacewar gado a kai, haɗarin ya ninka.

A ganina wannan shi ne bayani mafi gamsarwa da muke da shi game da abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Tun 1971 wasu likitoci uku a Filadelfiya ta Amurka, Giulio D'Angio da Audrey Evans da Everett Koop, suka ware wani rukuni na jarirai da ciwon ya bazu musu a hanta da fata da ɗan kaɗan a ɓargo, ba a ƙashi ba, suka nuna cewa yawancinsu na warkewa ba tare da magani mai ƙarfi ba. An sa masa suna mataki na 4S, yanzu ana ce masa MS. A ido abin tsoro ne, ciki kamar tulu, fata da ƙulle-ƙulle masu shuɗi-shuɗi. Amma ƙarin na gudu ne da igiyar da ba mai ƙara mata, in ta ƙare ya tsaya, ya bushe, wani lokaci ya nuna ya zama tsokar jijiya marar cutarwa. Ba a sallami jaririyar nan don an raina iyayenta ko don an fid da rai da ita ba. Ba ta maganin kansa mai ƙarfi zai iya yi mata illar da ta fi ta ciwon. Haka kuma ba a sake ta ba ne: a jariran da ba su wuce wata biyu ko uku ba hanta kan girma har ta danne numfashi, sai an shiga da magani cikin gaggawa, shi ya sa aka ce a riƙa kawo ta.

Ƙasar Japan ta koyi wannan darasi da tsada. Daga 1985 ta fara gwada fitsarin duk jariri ɗan wata shida don a kama ciwon da wuri. An kama da yawa, an yi wa jarirai da yawa tiyata, amma bincike a Kanada da Jamus da aka wallafa a 2002 ya nuna irin wannan tantancewa ba ta rage yawan yaran da ke mutuwa ba. Waɗanda ake kamawa galibi masu shanyewa da kansu ne, mugun kuwa daga baya yake ɓullowa. A 2004 Japan ta dakatar da shirin. Mai shanyewa da mugun suna ɗaya suke amsawa, a madubin likita ma suna kama da juna, amma kusan a ce ciwo biyu ne.

Gwajin telomares ba a yin sa a asibitocinmu, ko a ƙasashen waje ma ya fi yawa a ɗakunan bincike. Abin da aka fi aunawa a tsokar ƙari shi ne wani umarnin gado mai suna MYCN. Ƙwaya lafiyayya kwafi biyu take da shi, amma a kusan ƙari ɗaya cikin biyar sai a tarar an buga shi kwafi goma, hamsin, har ɗari. An gano haka a 1983, kuma zuwa 1985 an tabbatar da cewa masu shi ciwonsu ya fi saurin ci. MYCN ba inzayim ba ne, shugaban ma'aikata ne, kuma cikin waɗanda yake tasa aiki har da telomares. Yana kuma ingiza ƙona sukari ta gajeriyar hanyar nan, shi ya sa LDH mai yawa kan tafi tare da shi. Ka ga inda hayaƙin ya haɗu da wutar. In akwai halin a aika tsokar da aka ɗebo wa yaron a yi wannan gwaji, ka tambayi likita ko sakamakon zai sauya maganin da za a ba shi kafin ku kashe kuɗi a kai.

Akwai wani inzayim, ALK, da ya shafi tambayar da iyalai kan yi mini a ɓoye: ko sauran 'ya'yan ma za su yi? A 2008 aka gano cewa lalacewarsa ce ke haddasa yawancin niyurobilastoma na gado. Amma na gadon kashi ɗaya ne zuwa biyu cikin ɗari kacal. In ba a taɓa samun wani yaro mai irin wannan ƙari a danginku ba, hankalinku ya kwanta game da 'yan'uwansa. Wani kuma, ODC, yana samar wa ƙwaya kayan saurin rabuwa, kuma maganin da ke toshe shi, eflornithine, tsohon sani ne a Afirka, domin da shi ake maganin ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. A Disambar 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa ba yaran da suka gama babban magani don rage dawowar ciwon. Na kawo shi ne don ka ga cewa akwai inzayim da ake aunawa don a san hali, akwai wanda ake kai wa hari. LDH na cikin na farko.

In an nemi fitsarin yaron, ku bayar. Waɗannan ƙwayoyi 'yan asalin jijiya ne, suna da inzayim ɗin da ke sarrafa sinadaran faɗuwar gaba, kuma ragowarsu, VMA da HVA, na fita a fitsarin kusan tara cikin goma na masu ciwon. Yana taimakawa wajen bambanta shi da kansar ƙoda ta yara, wadda ita ma da kumburin ciki take zuwa amma maganinta daban kuma ta fi saurin jin magani.

Yanzu maganar ɗan ƙanenka, kuma ba zan rufe ka ba. Abu biyu ne suka fi LDH nauyi a kansa: shekarunsa da inda ciwon ya kai. Iyakar da likitoci suka ja ita ce wata 18. Yaron da ya wuce haka kuma ƙarin ya kai ɓargo ko ƙashi yana cikin rukuni mai haɗari, ko LDH ɗinsa nawa ce. Lambar 1,840 ta ƙara tabbatar da abin da shekaru da ɓargo suka riga suka faɗa. A ƙasashen da ke da komai, yaran rukuni marar haɗari sama da 95 cikin ɗari na tsira. Na rukuni mai haɗari kuwa kusan rabi ne ke kai shekara biyar, bayan an haɗa musu kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, da tiyata da gashin ƙarin da na'ura da dashen ɓargo da allurar da ke koya wa garkuwar jiki farautar ƙarin. Wasu daga cikin waɗannan ba su samuwa a nan, don haka namu lissafin bai kai nasu ba. Wannan ita ce gaskiyar, kuma kai baffansa ne, ka cancanci a faɗa maka ita.

Amma lissafi na taro ne. Yana faɗa wa likita yadda yara ɗari masu irin wannan takarda suka kasance, don ya san ƙarfin maganin da zai ɗauko. Bai san wannan yaron ba, kuma bai san ajalin kowa ba. Abin da zai fi ba mu labarinsa shi ne yadda ƙarin zai amsa zagaye biyu ko uku na farko na kemo: cikin ya saki? ya fara taka ƙafa? ɓargon ya washe? A nan LDH za ta sake amfani, domin in an maimaita ta ana ganin tana gangarowa, alama ce wutar na lafawa. Kada ku firgita in ta ɗan ƙara hawa a kwanakin farko na magani, ƙwayoyin da maganin ya kashe ne ke zubar da abin cikinsu. Ku sami littafi guda irin na 'yan makarantarka, ka riƙa rubuta kwanan wata da lambar da nauyin yaron da ranar komawa, ka haɗa da takardun duka a leda ɗaya. Fayil kan ɓace, likita kan sauya, littafin nan ne zai riƙe zaren.

Abin da na fi gani yana cinye yaranmu na karkara shi ne yankewar magani. An yi zagaye biyu, ciki ya sauka, yaro ya fara wasa, ga damina ta faɗi ana neman hannu a gona, ga kuɗin mota daga Ringim zuwa Kano da na kwanan mai jinya sun ƙare, sai a ce ai ya warke. Ƙarin da ke da mai tufka ba ya ƙarewa da kansa kamar na jaririyar nan. Ragowar da aka bari za ta dawo, kuma sau da yawa ta dawo ba ta jin maganin farko. Tun yanzu ku zauna da dangi a san wa zai riƙe gonar ƙanenka, wa zai riƙa rakiya, me za a sayar da me ba za a taɓa ba. Ku tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin ko akwai tallafi, ba abin kunya ba ne. Kuma ku tambayi likita kai tsaye: manufar maganin nan warkarwa ce, ko rage ciwo da ƙara kwana cikin sauƙi? Dukansu aiki ne na gaskiya, amma iyali na da haƙƙin sanin wanne ake yi kafin su sayar da shanun huɗa.

Tsakanin zagaye da zagaye, a gida, zazzaɓi shi ne abin tsoro. Kemo na kassara sojojin jini, musamman daga kwana bakwai zuwa goma sha huɗu bayan an sa shi. In jikinsa ya yi zafi a wannan tsakanin kada a tsaya sayen magani a kemis ko jiran wayewar gari, a kai shi asibiti mafi kusa da takardunsa a ce yaro ne mai shan kemo. Ya kwana cikin gidan sauro, a tafasa ruwan shansa, a nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau. A daina tsaga gaba ɗaya, domin jininsa ba zai riƙa tsayawa da wuri ba kuma ƙwayar cuta na shiga ta nan. Addu'a da tofi ku yi ta yi, amma duk wani jiƙo ko sassaƙe da za a ba shi ya sha a nuna wa likita tukuna, saboda hanta da ƙodarsa na ɗauke da nauyin kemo. Abinci kuwa, wanda ka tambaya, amfaninsa shi ne ya ba jikin ƙarfin ɗaukar magani: kunun gyaɗa mai kauri, ƙwai, wake, kifi, madarar da aka tafasa, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana.

Ƙin taka ƙafar nan kuma kada a wuce shi. Yawanci ciwon ƙashi ne, kuma akwai maganinsa, har da ruwan mofin da ake ba yara a cokali bisa awon likita. Ku nema in farasitamol ya gaza, kada a bar shi yana kwana yana kuka. Amma wannan ƙari kan kutsa ta tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya ya danne laka. In kuka ga ƙafafun sun saki ba ya iya motsa su, ko fitsari ya riƙe, ko yana zuba bai sani ba, ko bayan gida ya tsaya, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati. Ku nemi mota a ranar, ko da dare ne.